Kamazuru Na Ƙwarai Da Na Ganin Ido

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, a wannan karo muna so mu yi magana a kan wani ɗan abu wanda yawancin mutane ba su ɗauke shi a bakin kome ba, alhali kuwa ran mahayi da na 'yan kallo a kansa su ke rataye. Abin nan shi ne kamazuru, watau igiyar fatar nan da ta taso daga linzami ta zo hannun mai doki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Fada cikin birnin Zariya ran hawan Salla ya ga yadda hakimai da jama'arsu su ke tasowa a sukwane, ƙura ta turnuƙe, sai sun zo dab da inda Sarki ya ke su ja linzami, dawaki su turje, su kuwa su ɗaga hannu su yi jinjina. Mai kallo ya kan yaba doki, ya yaba mahayi, ya yaba alkyabba da jalala. Da wuya ka ji wanda ya ce madalla da badukun da ya yanka kamazurun. Amma da zai tsinke a wannan ƙiftawar ido, babu abin da zai tsai da dokin nan sai jikin mutane.

Abin da mu ke gani shi ne, masu saye sun koma auna kamazuru da ido, sun bar aunawa da hannu, kuma wannan ya fi kome ɓata sana'ar dukanci. Kadan aikin ya lalace, mai saye ya riga baduku ɗaukar laifi. Za mu faɗi dalilanmu, mu kuma bayyana yadda a ke gane na ƙwarai, don kada a ce mun yi suka ba mu kawo magani ba.

Kowane Da Sunansa

Kafin mu yi nisa ya kamata mu rarrabe kayan, gama yara da yawa kome suka gani a kan doki sai su ce linzami. Linzami shi ne ƙarfen da ke cikin baki, aikin maƙeri ne. Kalfazuru shi ne madaurin fatar da ya riƙe linzamin a kai. Ragama ita ce igiyar da a ke jan doki da ita, ko a ɗaure shi in an sauka. Kamazuru kuwa shi ne wanda mahayi ke riƙe da shi, da shi ya ke juya doki dama ko hagu, da shi ya ke tsai da shi.

To, linzamin ƙasarmu mai tsanani ne ƙwarai. Yana da zobe wanda ya kewaye haɓar doki, da wani harshe na ƙarfe wanda ya ke tokare ganɗa in an ja. Saboda haka ne doki mai gudu ya ke iya turjewa nan take. Wannan ya sa kamazuru ya ke bukatar hali biyu tare. Tilas ya kasance da ƙarfin da zai ɗauki fizgar doki mai kuzari. Tilas kuma ya kasance da taushi, don ɗan motsin yatsa ya isa baki a hankali. Kamazurun da ya sandare kamar kara ba ya isar da motsi kaɗan kaɗan, sai dai fizga, ga shi kuwa da irin wannan linzami fizga ita ke fasa bakin doki ta sa shi jini. Wanda kuma ya yi laushin tsumma yana miƙewa, sai mahayi ya ja, ya ja, doki bai ji ba tukuna. Gwanintar baduku tana tsakanin waɗannan biyu.

Yadda Ido Ya Ƙwace Aikin Hannu

A zamanin da dawakin Zazzau su ke fita yaƙi ta ƙofofin birni, ga Madaki a kan rundunar mahaya, ga Shamaki a kan barga, babu barden da za a koya wa duba kamazuru. Ya san in ya tsinke masa a fagen fama ba zai dawo ya yi wa baduku ƙorafi ba. Saboda haka ya kan murɗa, ya kan ja, ya kan sansana kafin ya biya, baduku kuma ya san irin mutumin da ya ke wa aiki.

Fatar ƙasar Hausa a lokacin sunanta ya kai nesa. Sa'ad da Dokta Barth, Bajamushen nan mai kiran kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta labarin takalma da jemammun fatu da a ke ɗauka daga can a ƙetare hamada da su har Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa Turawa sun daɗe suna yi wa littattafansu masu daraja bango da ita, suna ce mata fatar Maroko, don ta hannun Larabawan arewa ta ke isa gare su. Kun ji fa, aikin majemanmu ne, sunan kuwa na wasu.

Turawa suka zauna Zariya a 1902, yaƙi ya ƙare. Hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, daga baya mota ta zo ta karɓe wa doki tafiyar nesa. Abin da ya rage masa shi ne hawan Salla, da naɗin sarauta, da kilisa, da rakiyar ango, da manyan taruka irin wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da wanda aka sake yi a can a 1977 lokacin bikin FESTAC. A Disamban 2024 har hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta ke alfahari da su. Duk wannan abin murna ne. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Tun da ya ke doki ya zama abin kallo, kayansa ma sai suka zama abin kallo, mai saye ya riƙa tambayar abin da za a hango daga nesa. Gudun dokin kuwa bai ragu ba ko kaɗan, nauyinsa bai ragu ba, jama'ar da ke tsaye gefen hanya ma sai ƙaruwa suka yi.

Abubuwa Shida Da Za A Duba

Na fari, a san fatar wace dabba ce, daga ina kuma aka yanko ta a jikin dabbar. Fatar akuya tana da kyaun fuska, tana shan rini, amma siririya ce gajeriya, ba ta isa tsawon kamazuru sai da haɗi. Wurinta shi ne lulluɓi da ado, ko kuwa a yanka ta sili sili a kitsa da yawa wuri ɗaya. Abin da zai ɗauki nauyi ƙirgin sa ne. Shi ma ƙirgin ba duka ya ke ɗaya ba. Gadon baya, dama da hagu da ƙashin baya, nan ne zaren fata ya fi matsewa, nan ne ƙarfi ya ke. Wuya yana da tamoji, ciki kuwa sako-sako ne, yana miƙewa ba ya komawa. Baduku mai amana ya kan yanko kamazuru a tsaye, daga wajen wutsiya zuwa kafaɗa, ya bar ciki don abin da ba ya ɗaukar nauyi. Yadda za ka gane, ka taka baki ɗaya da ƙafa ka ja ɗayan da ƙarfinka. In ka ji ya biyo ka ya kuma sirance, na ciki ne. Sa'an nan ka juya bayan fatar. Na gadon baya ya kan yi sumul a matse, na ciki kuwa ya kan yi buzu-buzu kamar auduga.

Na biyu, a nemi aibin da fatar ta zo da shi tun kafin ta isa hannun majemi. Akwai yankan wuƙar mahauci wajen fiɗa, wanda ba ya huda fata amma ya rage mata kauri. Akwai tabon kirci, da cizon kaska, da karcen ƙaya, da tabon wuta inda aka yi wa dabba lalas. Akwai kuma fatar da aka shanya a ƙasa cikin tsakar rana, bayanta ya bushe da sauri, cikinta ya ruɓe, ba a ganewa sai an jiƙa ta. Don haka ne tun zamanin Turawa ma'aikatan duba fata su ke ta horon mahauta su ɗaure fata a rataye cikin inuwa. Ka bi kamazuru da yatsa biyu daga wannan baki har wancan, a hankali, idonka a rufe in ka so. Duk inda ka ji kauri ya faɗa, nan ne zai tsinke, gama igiya ba ta fi wurin da ta fi rauni ƙarfi ba.

Na uku shi ne jima, a nan kuwa ya kamata mu daɗe, don shi ne uwar aikin. Majemi ya kan jiƙa fata, ya sa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya sa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tattabaru don ta yi laushi, kāna ya tsoma ta cikin ruwan 'ya'yan bagaruwa da aka daka. Bagaruwar nan ita ke shiga zaren fata ta hana shi ruɓewa. Daga nan sai wanki, da shafa mai, da bugu, da miƙarwa. Fatar akuya ba ta daɗewa ta ke nuna. Ƙirgi kuwa saboda kaurinsa sai an yi haƙuri an sabunta masa ruwa, don bagaruwa daga waje ta ke ci tana shiga ciki. A Ingila akwai majemar da har yanzu ta ke jima da ɓawon itace, ƙirgi ya kan yi shekara guda cikin rami kafin a ce ya isa a yi kayan doki da shi. In an yi gaggawa aka cire ƙirgi kafin lokacinsa, fuska biyu za su nuna, tsakiya kuwa ɗanya ce.

Ga yadda a ke kama wannan. Ka roƙi baduku ya ɗan yanke bakin fatar da aska, ka dubi kaurin. In launin ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, ja-ja mai duhu, ta nuna. In ka ga farin layi a tsakiya kamar rogon da bai dahu ba, ka ajiye. Irin wannan da ruwa ya taɓa ta, ta bushe, sai ta ƙandare ta riƙa karyewa. Sa'an nan ka naɗe kamazurun a yatsanka, fuskar a waje. Ta ƙwarai za ta lanƙwasa ta miƙe ba alama, mugunya kuwa za ta tsattsage. Ka kuma sansana. Ƙanshin bagaruwa da mai daban ne, ɗoyin fatar da ba ta nuna ba shi ma daban ne, hanci ba ya ɓata su.

Akwai jimar kamfani wadda a ke yi da gishirin kurom. Ita cikin kwana ɗaya ko biyu a ke gamawa, in an yanka za a ga kaurinta shuɗi-shuɗi kamar toka. Ba mu kushe ta ba, tana da laushi, ba ta tsoron ruwa, ta dace da takalmi da jaka. Amma ta fi ta bagaruwa miƙewa, shi ya sa masu yin kayan doki na Ingila su ke fifita jimar itace. Wadda za a guje wa sarai ita ce fatar ƙarya, watau roba da aka shafa a kan ƙyalle. Ka sa ɗan guntunta a wuta. Fata ta kan ƙone da ƙaurin gashi, roba kuwa narkewa ta ke yi tana ɗiga.

Na huɗu, rini. Jan da dukawa suka gāda daga karan dafi ya ke fitowa, a haɗa da kanwa. Baƙin kuwa kuloko ne, wanda a ke yi da kashin maƙera. Rini na gaske shiga fata ya ke yi, ya bar ƙwayar fuskarta a fili ana gani. Fenti kuwa a sama ya ke kwanciya, ya rufe tabo da yankan wuƙa, ran da ya ji zufa ya ɓare. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga. Ɗan kaɗan ya fita a sabon abu ba laifi, amma in ƙyallen ya rine, haka zai yi wa hannunka da farar rigarka ran Salla. A lura kuma, baƙin da aka cika masa ƙarfe yana cin fata, ya sa ta gautsi bayan 'yan shekaru, saboda haka baƙin kamazuru ya fi ja bukatar a lanƙwasa shi a gani.

Na biyar, ɗinki da haɗi. Kowace huda ta basilla rauni ce ga fata, gwani kuwa shi ne wanda ya san inda zai sa raunin. Ɗinkin da ya bi tsawon kamazuru ba ya rage masa ƙarfi sosai. Wanda aka gicciya daga gefe zuwa gefe kuwa ya zama kamar hujin nan na kan sarki, inda aka huda don a yage. Huji in ya matsu da juna fata ta kan tsage, in ya yi nisa haɗi ya kan yi sako-sako. Ɗinkin hannu da a ke ratsa kowane huji ta fuska biyu ya fi na keke, don in zare ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe, na keke kuwa warwarewa ya ke yi. In kitsattse ne, a duba silin su zama kai ɗaya, kada haɗinsu ya taru wuri guda. In lulluɓaɓɓe ne da jar fata ko ulu, lalle a tambayi abin da ke ciki, a matsa da yatsa a ji. Ƙiri ne, ko tsumma da gam? Wurin da ya fi kowane bukatar ido shi ne inda kamazuru ya naɗe zoben linzami. Nan ne yawun doki ke jiƙa shi, nan tsatsa ke cinsa, nan ƙarfe ke gogarsa kullum. Baduku na ƙwarai ya kan ninka fata a wurin.

Na shida, zama a hannu. A haɗa gefen biyu a ga tsawonsu ɗaya ne, gama in ɗaya ya ɗara, kan doki zai riƙa karkata, mahayi yana zargin doki da taurin kai. Faɗin ya zama wanda yatsu za su rufe a kansa ba wahala. Gefe ya zama an goge shi, ba kaifin da zai yanki hannu. Tuntaye da geza su tsaya inda ba za su shiga tsakanin yatsu ba. Bayan an gama da waɗannan shida, sa'an nan a dubi ado, a zaɓi wanda rai ya ke so.

Laifin Wa?

Mun ce mai saye ya riga baduku ɗaukar laifi, ga dalili. Mutum ya san ranar Salla tun da aka ga watan azumi, amma ba zai je wurin baduku ba sai ana jajibere, ya ce lalle gobe da asuba ya ke so. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaushe za a zaɓi ƙirgi, yaushe mai zai shiga, yaushe za a yi ɗinkin natsuwa? In kuma baduku ya kawo guda biyu, ɗaya na gadon baya mara ƙyalli, ɗaya na ciki mai walƙiya, ya faɗi kuɗinsu, sai mai saye ya ɗauki mai walƙiya, ya kuma tsaya yana taya shi kamar mai sayen gauta. Baduku yana da iyali. In ya ga aikin kwana biyar da na yini ɗaya kuɗinsu ɗaya ne a idon mutane, wanne ku ke tsammani zai koya wa ɗansa?

Ga kuma tsadar ƙirgi. Da yawa daga cikin fatun shanun da a ke yankawa a ƙasar nan ba su zuwa majema ko kusa, babbake su a ke yi a ci ganda. Fatun awaki da tumaki masu kyau kuwa manyan kamfanonin jima na Kano, na Sharaɗa da Challawa, su ke kwashewa, yawanci a fitar da su ƙasashen waje. Abin da ya saura shi ƙaramin majemi ke samu, da tsada kuma. Wanda ya ƙi biyan kuɗin ƙirgi na ƙwarai ya san abin da ya saya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Ba mu wanke dukawa duka ba. Wanda ya rufe tsumma da jar fata ya ce ƙiri ne ya ci amana, alhakin abin da ya auku kuwa yana wuyansa. Amma algus ba ya yaɗuwa sai a kasuwar da masu saye ba su san kaya ba.

Har wa yau akwai laifin ajiya. Tsakanin Ƙaramar Salla da Babba wata biyu ne da kwana goma, daga Babba zuwa Ƙarama ta gaba kuwa ya fi wata tara. A gidaje da yawa kayan doki suna jibge a ɗaki duk wannan lokaci, da gishirin zufa a jikinsu. Damina ta sa musu fumfuna, hunturu ya busar da su, ɓera da gara su taɓa nasu. Ran hawa a karkaɗe ƙura a ɗaura. Ko kamazurun da ya fi kowane kyau ba ya jure wannan. Abin da ya ke so kaɗan ne: a goge zufa da ɗanyen ƙyalle bayan an sauka, a bar shi ya sha iska a inuwa, a shafa masa ɗan man shanu jefi jefi ba a cika ba, a rataye shi a kan turke mai kauri, kada a kan ƙusa.

Masu Cewa Zamanin Ya Wuce

Mun san wani zai ce, ina amfanin wannan dogon bayani, ga igiyar roba a kasuwa, ta fi fata ƙarfi, ta fi ta araha? Gaskiya ne sabuwar igiyar roba tana da wuyar tsinkewa, ba mu musa ba. Amma tana santsi in hannu ya yi zufa, in doki ya fizge ta kan ƙona tafin hannu, rana kuma tana cinta a ɓoye har ta rube ba alama. Fata kuwa ta kan faɗi ciwonta tun da wuri. Ta kan bushe, ta yi tsaga, ɗinki ya yi baki, mai lura ya gani ya gyara. Banda wannan, kuɗin igiyar roba ba ya shiga gidan mahauci, ko na mai tsintar bagaruwa, ko na majemi, ko na baduku. Kamazuru ɗaya na fata gida huɗu ya ke ciyarwa.

Wani kuma zai ce ai hawa don ado a ke yinsa, me ya sa mu ke faɗa da ado? Ba faɗa mu ke yi da shi ba. Hawan da ba ado ba hawa ba ne, jar fata da kore da tuntaye su ne kwarjinin ranar. Abin da mu ke cewa a san na gaba a san na baya. Magabata sun haɗa biyun, ba su ga ɗaya ya hana ɗaya ba.

Akwai kuma waɗansu masu ilmin boko da ke ganin zancen jima da dukanci bai kamaci mai karatu ba, aikin masu wari ne. Waɗannan mu kan ji tausayinsu. Abin da majemi ke yi da toka da bagaruwa shi ne a ke koyarwa a ɗakin kimiyya da dogayen sunaye. A Samaru, nan kusa da birni, akwai makarantar nazarin fata wadda asalinta ya faro a 1964, yanzu ana kiranta NILEST, mutane suna shekaru a cikinta suna koyon abin nan da a ke rainawa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ga shawararmu. Mai doki ya ba da aikinsa tun watan Sha'aban, ya faɗa wa baduku a fili cewa na gadon baya ya ke so, ya biya kuɗinsa ba tare da ƙwauro ba. Araha ba ta ado, balle ta tsai da ingarma.

Hakimai da masu riƙe da barga su sa wani dattijo masani ya bi kayan kowane mahayi da hannu kwana biyu kafin hawa, kamazuru da kalfazuru da majayi, duk wanda aka ga rauni a nasa ya gyara ko ya hau a baya. Yaran da a ke ba aron doki ran Salla su suka fi bukatar wannan, don su ne masu son sukuwa, su ne kuma ba su san abin da za su duba ba.

Dukawa su riƙa buga alamarsu a bayan aikinsu, kowa da tasa. Tun dā kowace sana'a a birni tana da shugabanta mai tsawatawa. In aiki yana ɗauke da alamar mai shi, na ƙwarai zai yi suna ya sami kuɗinsa, mai algus kuma ba shi da wurin ɓuya. Masanan Samaru su ma su shigo birni, su gwada ƙarfin fatar majema da na'urorinsu, su gaya musu sakamakon da Hausa.

Mu kuwa da za mu fita mu riƙe aji, namu ya fi sauƙi. Kowa ya kai yaransa rumfar baduku ko sau ɗaya a shekara, su zauna su ga yadda a ke yanka da yadda a ke ɗinki, su gai da mai sana'ar da ladabi, su rubuta sunan kowane abu kamar yadda ya faɗa. Kalmomi irin su kamazuru da kalfazuru da kuloko suna bakin tsofaffi, in ba a rubuta ba za su bi su kabari. Mu kuma tuna, yaron da aka tura aji na gaba don ya haddace amsa, bai gane ba, ɗaya ya ke da ƙirgin da aka cire daga bagaruwa kafin ya nuna. Fuskarsa ta yi kyau ran jarrabawa, ran aiki kuwa farin layin nan zai fito.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai mu Salla lafiya, ya sa mahaya su hau lafiya su sauka lafiya, ya yi wa masu sana'ar hannu albarka, amin. Haza wassalam.